Madarumfa: a sauke injin gazuwal a ɗora na isansi, riba ce ko hasara?

A garejojin Maraɗi da na garuruwan bakin iyaka akwai wani aiki da ya daɗe da zama ruwan dare, har ba ya ba kowa mamaki: a kawo tsohuwar motar fasinja da ta zo daga Turai da injin gazuwal, a sauke injin ɗungurum, a ɗora mata na isansi, wato man da maƙwabta ƴan Nijeriya ke kira fetur. A ƙasashen Turai ma ana yin wannan aiki, amma galibi masu sha'awar tsofaffin motocin yawon buɗe ido ne ke yin sa, domin mota ta ƙara gudu ko ta rage hayaƙi. A gundumar Madarumfa kuwa, magana ce ta abincin gida. Motar da ke jigila tsakanin Madarumfa da Maraɗi, ko tsakanin Ɗan Isa da Jibiya, ita ce gonar mai ita, ita ce albashin direba da yaron mota, kuma ita a ke tayarwa tsakar dare in za a kai mai naƙuda asibiti.

Dalilin da ya sa aikin ya samu karɓuwa a wannan yanki yana bakin iyaka. Shekara 20 cur, daga 2003 zuwa 2023, gwamnatin Nijeriya ta ci gaba da biyan tallafi a kan isansi bayan ta janye hannunta daga gazuwal, shi kuwa isansin mai araha ya yi ta kwararowa cikin Nijar a jarkoki. Tun daga 2023 kiɗa ya canza, kuma mai motar da bai canza rawa ba yana iya kashe dukiyarsa a kan aikin da ba zai maido masa da kuɗinsa ba.

Motocin da suka ƙetaro hamada

Garin Madarumfa yana kudu da Maraɗi, tafiyar kilomita 20 da ƴan kai, a bakin tabkin nan da ya yi suna da kaburburan waliyyai 99. Gundumar ta ƙunshi ƙananan hukumomi 6: Madarumfa, Ɗan Isa, Jiratawa, Gabi, Safo da Sarkin Yamma, kuma ta yi iyaka da jihar Katsina. Gero da dawa da wake da aya, zogalen Jiratawa da kifin tabki, duka a bisa mota su ke isa babbar kasuwar Maraɗi. In an bar kwaltar da ta tashi daga Maraɗi ta bi ta Ɗan Isa zuwa iyaka, hanyoyi da dama na burji ne ko na rairayi, irin waɗanda ke gwada ƙarfin inji da haƙurin direba.

Motocin da ke wannan aiki kusan dukansu sun yi wata rayuwa a wata ƙasa kafin su iso. Cikin shekarun 1970 da na 1980, samarin Faransa da Jamus da Beljik kan sayi tsohuwar mota, su ƙetare teku da ita zuwa Aljeriya, su biyo ta Tamanraset da Asamaka da Arlit har Agadas, su saida ta a Nijar, su koma gida a jirgin sama da kuɗin. Mafi yawa Peugeot 404 da 504 ne, amma akwai kuma motocin kwana, waɗanda aka shirya cikinsu da gado da murhu da ƴar ma'ajiyar ruwa, kamar Volkswagen da kamfanin Westfalia ke ƙawatawa. Wanda ya sayi irin wannan mota a nan ba gadon ya ke so ba. A kan fidda kayan cikin, mai walda ya jera bencina, motar kwanan mutum biyu ta koma ta ɗaukar mutum goma sha.

Wannan hanya ta hamada ta mutu a farkon shekarun 1990, sa'ad da tawaye ya ɓarke a arewacin Nijar, Aljeriya kuma ta faɗa cikin yaƙin basasa. Daga nan tashar jiragen ruwa ta Kwatano da ta Lome suka karɓi cinikin, Maraɗi ta zama babban zangon motocin da ke wucewa Nijeriya, har zuwa 1 ga watan Janairu na 2017, ranar da Nijeriya ta hana shigar da motoci ta iyakokin ƙasa. A wannan zamani ne Toyota Hiace ta mamaye tashoshi, musamman samfurin da aka fara ƙerawa a 1989.

Wani abu ɗaya ya haɗa yawancin waɗannan motoci: da injin gazuwal su ke zuwa. A Faransa da Beljik da Jamus an daɗe ana ɗora ma gazuwal harajin da bai kai na isansi ba, saboda haka mai motar aiki a can gazuwal ya ke zaɓa. Daga baya kuma, da biranen Jamus suka fara kafa yankunan hana hayaƙi a 2008, birnin Paris ya soma aiki da tambarin Crit'Air a 2017, sai tsofaffin motocin gazuwal suka rasa daraja a gida, da yawa suka kama hanyar Afirka. Ke nan harajin Turai ne ya zaɓa ma direban Madarumfa injinsa tun kafin ya ga motar.

Iyaka ce ke yanke farashi

A shekarun 1970 ne Nijeriya ta fara tallafa ma farashin mai, kuma tun lokacin ne masu ruwa-ruwa, wato masu saida mai a kwalabe da jarkoki a bakin hanya, suka zama ɓangare na rayuwar jahar Maraɗi. Karya darajar kuɗin sefa da aka yi ranar 12 ga watan Janairu na 1994 ya ƙara ma duk abin da Nijar ke sayowa daga waje tsada, har da man da kamfanin SONIDEP ke shigowa da shi. A wancan zamani dai isansi da gazuwal duka suna da tallafi a Nijeriya, duka kuma suna tsallakowa, don haka babu wani babban dalilin taɓa injin mota.

Rabuwar ta zo ne a 2003, a zamanin mulkin Olusegun Obasanjo, sa'ad da aka sakar ma kasuwa farashin gazuwal, aka bar isansi ƙarƙashin tallafi. Daga nan tazara ta buɗe tsakanin mayukan biyu. Nijar ta buɗe matatar SORAZ kusa da Damagaram ranar 28 ga watan Nuwamba na 2011, mai iya tace ganga 20.000 a kowace rana, kuma shekaru da dama, har zuwa tsakiyar 2022, farashin hukuma ya tsaya a sefa 540 ga litar isansi, wato dala 108, da sefa 538 ga litar gazuwal. A gidan mai ke nan kusan kunnen doki ne. Amma a wancan lokaci direban bakin iyaka ba ya shan isansi a gidan mai. Wajen mai ruwa-ruwa ya ke sha, a farashin da ya yi ƙasa da na hukuma ƙwarai. Mai gazuwal kuwa ba shi da irin wannan mafita.

Ko rufe iyaka da Nijeriya ta yi daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, da hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, sun ɗaga farashin ruwa-ruwa ne kawai, ba su kashe sana'ar ba. Sa'an nan shekarar 2022 ta zo da yaƙin Rasha da Ukraniya, farashin gazuwal ya yi tashin gwauron zabi a duniya. A Nijeriya lita ta tashi daga wajen naira 300 zuwa sama da naira 800 cikin shekarar. Gazuwal ɗin Nijar ya riƙa zurarewa zuwa maƙwabta, aka yi ƙarancinsa a gida, har a farkon watan Agusta na 2022 gwamnati ta ɗaga farashinsa zuwa sefa 668. Wannan shi ne lokacin da sauke injin gazuwal ya fi kowane lokaci ma'ana.

Dashe ne, ba gyara ba

Mai karatu zai iya tambaya: mi ya hana a gyara injin da ke akwai ya riƙa shan isansi? Amsar tana cikin yadda kowane ɗayansu ke kama wuta. Injin gazuwal iska tsantsa ya ke zuƙa, fistin ya matse ta har ta koma kamar kashi 1 cikin 22 na girmanta, ta yi zafin da ya haura digiri 500. A daidai lokacin nozul ya feso mai, man ya kama da kansa. Injin isansi kuwa iska da mai ya ke zuƙa a gauraye, ya matse su zuwa kamar kashi 1 cikin 9 kaɗai, sa'an nan fulogi, wanda wasu makanikai ke kira buji, ya ba da tartsatsi. In aka zuba isansi cikin injin gazuwal, konewar ba ta zuwa a kan ƙa'ida, famfon mai kuma ya rasa santsin da gazuwal ke ba shi, ya ci kansa. Saboda haka babu wata hanya sai a sauke injin gaba ɗaya.

Ga Hiace, injunan gazuwal da aka fi sani su ne 2L mai lita 2,4, da 3L mai lita 2,8, da 5L mai lita 3. Na isansi kuwa 1RZ mai lita 2 da 2RZ mai lita 2,4. Tun da kamfanin Toyota ya fidda jikin mota iri ɗaya da injunan biyu, aikin yana da sauƙi in an samu kayan motar isansi da ta mutu, a kwashe su a maida. Haka abin ya ke ga Volkswagen samfurin T3, wadda aka fara ƙerawa a 1979: injinta na gazuwal mai lita 1,6 ƙarfin doki 50 kawai gare shi, kuma daga jikin injin isansi na kamfanin aka samo shi, shi ya sa masu motocin kwana a Turai da Amurka ke iya ɗora injin isansi na Golf a mazauninsa ba tare da wahala mai yawa ba.

Duk da haka, inji rabin aiki ne. Dole a duba ƙafafun da injin ke zama a kansu, da bakin akwatin giya inda ya ke haɗuwa da inji, da kuloci, da sitata, domin ba kullum su ke dacewa ba. Dole a sauke tanki a wanke shi tas, a sauya bututan mai da matatarsa, a sa famfon da ya dace da kafireto ko da injekta. Dole a ja sababbin wayoyi zuwa kwayil da fulogai, a cire na fulogan ɗumama inji waɗanda gazuwal ke bukata da sanyin safiya. Salansa da bututan lagireto su ma sai an sake musu hanya.

Akwai kuma halin injin kansa. Na gazuwal yana ba da ƙarfin jansa tun yana juyawa a hankali, shi ya sa ya ke fita rairayi da kaya niƙi-niƙi ba tare da an matsa masa ba. Na isansi sai an taka totur ya ɗaga murya kafin ƙarfinsa ya fito. In haƙoran giya da na aksul ɗin baya ba su dace da sabon injin ba, motar kan rasa ƙarfin tashi da kaya, kuloci ya riƙa ƙonewa, ko kuma ta riƙa kuka a kan kwalta tana shan mai fiye da kima.

Abin da ke jan masu mota ban da farashi

Ba za a yi ma masu wannan aiki adalci ba in aka ce araha kaɗai su ke bi. Famfon injin gazuwal da nozul ɗinsa kaya ne masu laushin aiki, waɗanda ɗigon ruwa ko ƙura ko gaurayen kananzir ke lalatawa, kuma daidaita su sai a kan na'urar gwaji ta musamman, wadda sai a manyan garuruwa a ke samu. Kafireto kuwa, makanike na iya kwance shi a ƙarƙashin itacen bedi, ya wanke, ya hura, ya maida, mota ta tashi. Injunan 2L da 3L da 5L suna tafiya da bel ɗin roba mai haƙora, wanda in ya tsinke mota na gudu sai an buɗe kan inji. Na 1RZ da 2RZ da sarƙa su ke tafiya, wadda ta fi daɗewa. Haka zalika kasuwannin kayan gyara na Katsina da Kano, inda makanikan Maraɗi ke sayayya, sun fi cika da kayan isansi, tun da shi ne motocin haya na can suka fi sha.

Motocin gazuwal na baya-bayan nan, masu kwamfuta da matatar hayaƙi, sun ƙara dagula al'amarin. An ƙera su ne domin gazuwal irin na Turai, wanda tun 2009 doka ta ce sinadarin salfa da ke cikinsa kada ya wuce kashi 10 cikin miliyan. Rahoton da ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwis ta fidda a watan Satumba na 2016 ya nuna cewa a wasu ƙasashen Afirka an samu gazuwal mai salfa da ya ninka wannan ƙa'ida sau ɗaruruwa. A watan Fabrairu na 2020, a Wagadugu, ministocin ƙasashen CEDEAO suka amince da iyakar kashi 50 cikin miliyan. Motar da ke yawo tsakanin ƙasashe tana shan mai ko'ina ta samu, in matatar hayaƙinta ta toshe ko nozul ɗinta ya mutu, kuɗin gyara na iya kusantar kuɗin wani injin. A irin wannan hali, mai motar da ya zaɓi sauke injin yana da hujja.

Lissafin da ya kamata a yi kafin a kwance ƙusa ɗaya

Kuskuren da aka fi yi shi ne gwada farashin lita da lita. Litar gazuwal ta fi ta isansi ƙarfin makamashi da kamar kashi 10 zuwa 15 cikin 100, injinsa kuma ya fi iya tatsar wannan ƙarfi, don haka mota ɗaya a kan hanya ɗaya kan sha isansi fiye da gazuwal da wajen kashi 25 zuwa 30 cikin 100. Abin da ya kamata a gwada shi ne kuɗin tafiyar kilomita 100.

A ɗauki misali, domin a ga yadda lissafin ke tafiya. A ce mota na shan lita 10 ta gazuwal a kilomita 100, bayan an sauya mata inji ta koma shan lita 13 ta isansi. A ce kuma mai ruwa-ruwa na saida lita sefa 350, aikin sauyin duka ya ci jika 600, motar kuma na yin kilomita 200 a yini. Da gazuwal na sefa 538, kilomita 100 na cin sefa 5.380, alhali da isansin bakin hanya sefa 4.550 ne, rarar sefa 830 ke nan, kuma sai motar ta yi kusan shekara guda tana aiki kafin ta biya kuɗin sauyin. Da gazuwal ya koma sefa 668, rarar ta zama sefa 2.130, kuɗin sauyin ya dawo cikin ƙasa da wata biyar. Wanda ya yi aikin a ƙarshen 2022 yana da dalilin murna.

Murnar ba ta daɗe ba. Ranar 29 ga watan Mayu na 2023, a jawabinsa na kama mulki, shugaba Bola Tinubu ya bayyana cewa tallafin mai ya ƙare. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 500 cikin ƴan kwanaki a arewacin ƙasar, ta kai naira 617 a watan Yuli, ta wuce naira 1.000 a watan Oktoba na 2024. Bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli na 2023 a Yamai, an rufe iyaka har zuwa watan Maris na 2024. A watan Yuli na 2024 hukumomin Nijar suka rage farashi: isansi ya koma sefa 499, gazuwal sefa 618. A kan wannan farashi, motar misalin nan na cin sefa 6.180 da gazuwal, sefa 6.487 da isansi. Mai injin isansi ne ke biyan ƙari, kuma jika 600 da ya kashe ba za su dawo ta hanyar mai ba, sai fa in ya samu lita ƙasa da sefa 475 a kai a kai.

Samun hakan ya dogara ga abubuwan da ba su hannunsa. Faɗuwar darajar naira tun daga watan Yuni na 2023 ta rage kaifin tsadar man Nijeriya ga mai riƙe da sefa, saboda haka ruwa-ruwa bai ɓace ba. Amma tazarar ta tsuke, kuma tana motsi da canjin kuɗi, da tsananin duwan, da shawarar da aka yanke a Abuja ko a Yamai. Watan Maris na 2025 ya nuna ɗaya fuskar al'amarin: an yi ƙarancin isansi a Nijar, motoci da babura suka yi dogayen layuka a gidajen mai, wani jami'in SONIDEP kuma ya bayyana cewa man da ke shigowa ta bayan fage daga Nijeriya ya taɓa ɗaukar kusan rabin kasuwa, da ya ja baya sai nauyin ya faɗo kan matatar Damagaram, wadda isansinta bai isa bukatar ƙasa ba. A waɗancan kwanaki mai injin isansi ne ya kwana a layi.

Kada garin neman gira a rasa ido

Ko da lissafin kuɗi ya yi daidai, akwai wurare uku da aikin gaggawa ke jawo hasarar da ta fi kuɗi. Na farko birki ne. A bayan fedar birki akwai wata tukunya da ke ninka ƙarfin ƙafar direba, kuma da zuƙar iska ta ke aiki. A injin gazuwal na Toyota, wani ɗan famfo ne da ke manne a bayan injin cajin batir ke samar da wannan zuƙa. A injin isansi kuwa daga bututun shaƙar iskar inji a ke ɗauko ta. In makanike ya manta da wannan haɗi, ko ya yi shi da ruɓaɓɓen tiyo, ko ya bar bawul ɗin da ke hana iska komawa, feda kan yi tauri kamar dutse a daidai lokacin da a ke bukatarta, da fasinja cike da mota.

Na biyu wuta ce. Gazuwal ba ya fidda tururin da ke kama wuta sai zafinsa ya kai wajen digiri 55. Isansi kuwa yana fidda shi ko da a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri, balle a zafin watan Afrilu na Maraɗi, da ke haura digiri 40. Ɗigon da mai motar gazuwal ya saba gani a ƙarƙashin mota ya yi biris da shi, a motar isansi ajali ne. A Hiace injin yana ƙarƙashin kujerun gaba, mutane a kansa su ke zaune, kuma fasinjan baya ƙofa ɗaya gare su. Tiyon da ba na mai ba, wayar da aka murɗe aka naɗe da leda, galan ɗin roba da aka ɗaure kusa da direba a madadin tanki, da jarkokin da a ke turawa ƙarƙashin benci, kowane ɗaya cikinsu ya isa ya ƙone mota ƙurmus cikin ƴan mintoci.

Na uku takardu ne. Takardar mallakar mota, wadda aka fi sani da kart giriz, tana ɗauke da irin man da motar ke sha. Motar da takardarta ta ce gazuwal alhali tana shan isansi ta saɓa ma takardarta, kuma wannan na iya fitowa fili a wajen bizit teknik, ko a gaban jandarma, ko ranar da aka yi haɗari. Dokar inshora ta CIMA, wadda Nijar ke cikinta tun yarjejeniyar Yawunde ta 1992, ta ɗora ma mai mota nauyin sanar da kamfanin asirans duk wani sauyi da ke ƙara haɗari. Wanda ya ɓoye ya ba kamfanin hujjar ja da shi a ranar da ya fi bukatarsa. Zuwa ofishin sufuri a gyara takarda ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba.

Ƙofar da injin isansi ke buɗewa

Akwai wata fa'ida da injin isansi ke da ita wadda na gazuwal ba shi da ita cikin sauƙi: tun da tartsatsi ke kunna shi, yana iya aiki da iskar gas. Masu noman rani a sassa da dama na Nijar sun riga kowa gane haka, suna haɗa injunan ban ruwansu da tukunyar gas ta girki, wadda matatar Damagaram ke samarwa. Nijeriya kuma ta ƙaddamar da shirin maida motocin haya masu aiki da iskar gas ta CNG a 2023. To amma injin ban ruwa a fili ya ke, iska na kaɗawa, babu kowa zaune a kansa. Motar fasinja tana bukatar tukunyar da aka ƙera domin mota, da bawul ɗin tsaro, da ƙwararren da zai haɗa su, da wurin cikawa a kan hanyarta. Cusa tukunyar girki a bayan benci ganganci ne da rayukan mutane.

Wa ya kamata ya sauya, wa ya kamata ya haƙura

Mai motar da injinta na gazuwal ya riga ya mutu, kansa ya tsage ko famfonsa ya gagara gyara, dole ne ya sayi wani injin ko ta halin ƙaƙa. A gare shi zaɓen na isansi na iya zama daidai, musamman in hanyarsa gajera ce, a kan kwalta, kuma kayan gyara na kusa. Wanda kuwa injinsa ke da lafiya, ya ke ɗaukar buhunan gero daga Gabi ko Safo ta cikin rairayi, ko ya ke doguwar tafiya zuwa Damagaram da Ƙonni, ya fi masa alheri ya kashe kuɗinsa a kan matatar mai mai kyau, da sauya bel a kan lokaci, da wanke lagireto. Tsohon injin gazuwal da a ke kula da shi yana cin dubban ɗaruruwan kilomita.

Daga 2003 zuwa 2025 sharuɗɗan mai a wannan iyaka sun juya aƙalla sau bakwai: a 2003, 2011, 2019, 2022, 2023, 2024 da 2025. Babu ɗaya daga cikin waɗannan juye-juye da aka shawarci direban Madarumfa a kansa, kuma inji ya fi kowane ɗayansu tsawon rai. Abin da ke hannun mai mota shi ne ya cika tanki, ya rubuta kilomita, ya san abin da motarsa ke sha da gaske, ya yi lissafinsa a kan farashin gidan mai, ya ɗauki arahar bakin hanya a matsayin gyara in ta samu. In bayan wannan ya ga sauyin ya fi, to ya ba aikin haƙƙinsa: birki, bututun mai da takarda. Fasinjan da ya biya kuɗin mota a tashar Madarumfa ba ya tambayar irin man da ta ke sha. Abin da ya ke so shi ne ya sauka Maraɗi lafiya.